Jaka Tara da Aka Ce Ba Su Iso Ba

Saƙon ya shigo da hantsi, Maman 'Yan Biyu tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata baƙar jaka. Ta ji ƙarar waya ta yi murmushi ba ta ko ɗago ba, don ta ɗauka sabuwar oda ce. Sai da ta kai ƙarshen ɗinkin ta yanke zare, sannan ta jawo wayar.

"Mai saye ya sanar da bankinsa cewa kaya ba su iso ba. An janye kuɗin daga asusunki, an kuma ci ki tara. Idan kina da shaidar isar da kaya, ki turo."

Ta karanta sau uku. Wannan shi ne na uku cikin wata guda. A kasuwar intanet ɗin da take sayar da jakunkunanta, mutum zai zaɓi jaka, ya biya da kati, a kai masa, kuɗi su shigo mata, ta sayi fata da zif da zare da su, ta manta da zancen. Bayan mako huɗu ko biyar sai a ce wai bai ga komai ba, a zare kuɗin kamar yadda ake zare tabarma a ƙarƙashin mai barci.

Ta kira Baba Mai Babur, dattijon da ke kai mata saƙo tun da ta fara sana'ar. Kafin ta gama sharar ƙyallayen da ke ƙasa ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwanonsa a hannu.

"Baba, jakar nan mai ruwan ƙasa, wadda na ba ka ran da aka yi ruwa, ina ka kai ta?"

"Inda kika rubuta mini, 'yata. Bayan gidan mai. Na kira lambar, wani ya fito ya karɓa, ya ce ta matarsa ce."

"Ya sa hannu?"

"A kan me zai sa? Ai ba ki taɓa ba ni takarda ba."

"Ka ɗauki hotonsa?"

Baba ya zaro 'yar wayarsa mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya ɗaga mata. "Da wannan? Wannan ko ni da nake mai ita ba ta san fuskata ba."

Da a da ne da ta yi dariya. Yau kuwa sai ta tsaya tana kallon takalminsa. Sabo ne. Yaushe ya sayi sabon takalmi?

Da yamma maigidan ya dawo daga shagonsa na gyaran waya. Ya zauna ya karɓi wayarta, ya karanta saƙon a hankali yana girgiza kai.

"Innalillahi. Kin ga abin da nake gaya miki? Mutanen intanet ba su da fuska, balle kunya."

"Na shiga wurin da suka rubuta kariyar mai sayarwa," in ji ta. "Sun ce da da masu kai saƙon kamfaninsu na aika, da sun biya ni, don su suna karɓar lambar sirri daga hannun mai saye. Amma tunda da nawa mai babur na aika, ba ruwansu."

Ba ta ƙara da cewa shi ne ya hana ta amfani da na kamfanin ba. Shi ya ce mata tun farko, don me za ta riƙa yanka wa kamfani rabin ribarta alhali ga masu babur nan birjik a bakin titi? Ta jira ta ga ko zai tuna. Bai tuna ba.

"Ni fa ba na son zargi," ya ce, yana miƙa mata wayar. "Amma jaka ba ta da ƙafa. Daga hannunki sai hannun wa?"

"Haba, Baban 'Yan Biyu. Dattijon nan ya haife ni."

"Furfura ai ba shaidar gaskiya ba ce. To, Allah ya kyauta. Akwai abinci?"

Daga ranar ta koma masu kai saƙon kamfani, amma abin bai tsaya ba, domin jakunkunan da ake ƙorafi a kansu duk tsofaffin aike ne. Na huɗu ya zo. Na biyar da na shida suka zo rana ɗaya, tsakaninsu minti goma. Taurarin yabon da masu saye ke ba shagonta suka zube daga biyar zuwa biyu da rabi. A ƙarƙashin hoton jakar da ta fi alfahari da ita wani ya rubuta: "Ku yi hattara, 'yar damfara ce." Ta share hawaye da bayan hannu ta nemi goge rubutun, ta tarar ba ta da iko.

Oda ta ɗauke cak. Jakunkuna goma sha ɗaya da ta gama suna rataye a jikin ƙusa, tana kaɗe musu ƙura kowace safiya. Mai fata, wanda a da yake aiko mata da hoton sabon kaya kafin kowa ya gani, ya fara cewa layi ba kyau in ta kira.

Abin da ya fi asarar ciwo shi ne yadda idonta ya lalace. Kowa ta kalla sai ta ga ɓarawo. Maƙwabciyarta, wadda ta taɓa cewa ta koya mata yankan fata, ta leƙo ta ce, "Maman 'Yan Biyu, kwana biyu ba na jin kukan keke, lafiya?" Ta amsa da "Lafiya lau" mai sanyi, ta rufe ƙofa, ta tsaya a bayanta tana tunani: me ya dame ta da kekena? Wa ya gaya mata? Ko ita ce ta rubuta? Ta tuna matar tana da ƙani mai aikin banki, ta wuni tana ƙulla wannan zaren tana kwancewa.

Har yayarta uwa ɗaya uba ɗaya ba ta tsira ba. Ta zo ziyara ta ɗauki wata jaka tana juyawa tana cewa, "Kai, wannan ko a kanti sai haka," sai Maman 'Yan Biyu ta ji kanta tana tambaya, "Yaya, ke ma kina da manhajar kasuwar nan a wayarki?" Yayar ta ajiye jakar a hankali, ta dube ta, ta ce, "Ke, ki nemi tsari. Wannan kallon ba na ƙanwata ba ne."

Mutum ɗaya kawai take sakin jiki da shi, shi ne maigidan. Kullum ya dawo sai ya tambaya, "Yau fa, an sake?" In ta ce e, sai ya yi salati, ya zaro kuɗin cefane ya ajiye mata a kan keke. Ta lura kwanan nan hannunsa ya buɗe. Shi da a da sai ta cika daga aljihunta kafin tukunya ta hau wuta, yanzu har lemo yake riƙo wa yara. Ta ce a ranta, Allah sarki, tausayina yake ji.

Da na tara ya zo, kamfanin ya dakatar da shagonta gaba ɗaya. Suka ce za su duba lamarin cikin kwana goma sha huɗu.

"Yanzu kam shiru ya ƙare," in ji maigidan. "Gobe ki shirya mu je wurin shugaban masu babur."

Ofishin ƙungiyar rumfar kwano ce a bakin mahaɗar titi, da benci biyu da teburi mai ƙafa uku da bulo. Shugaban, wani kakkauran mutum mai carbi a wuya, ya saurari maigidan yana zuba bayani tiryan-tiryan, da rana da unguwa da launin jaka, har Maman 'Yan Biyu ta yi mamakin yadda ya riƙe su duka a ka, ita da ta ɗinka su ma sai ta duba waya. Aka kira Baba Mai Babur. Ya zo ya tsuguna, aka ce ya tashi ya zauna, ya ƙi.

"Shugaba, shekarata goma sha shida a kan titin nan. An taɓa kawo ƙarata ko ta allura?"

"Ba a taɓa ba. Amma yau an kawo ta jaka tara."

"Na kai su. Wallahi na kai su. Unguwa daban-daban, amma sau da yawa mutum ɗaya ne ke fitowa, wani dogo mai tabarau. Har na taɓa ce masa, malam, matanka nawa ne haka? Ya yi dariya."

"To me ya hana ka gaya mini?" in ji Maman 'Yan Biyu. Muryarta ta fito da kaifin da ba ta san tana da shi ba.

"Ina ruwan mai babur da yawan matan mutane, 'yata?"

Maigidan ya yi 'yar dariya. "Dogo mai tabarau. Shugaba, a garin nan dogaye nawa ne? In an kama mutum ai dole ya haifi wani."

Shugaban ya yanke hukunci. Baba zai ajiye rigar ƙungiya da lambarsa, ba zai ɗauki fasinja ko saƙo ba. In nan da mako biyu bai kawo dogon nan ba, za a sayar da babur ɗinsa a biya mai kaya, a kuma ba ta takardar shaida cewa a hannun mai kai saƙo kayan suka salwanta, ta tura wa kamfani.

Baba ya cire rigar mai ruwan ɗorawa, ya ninke ta gida huɗu, ya ɗora a kan teburi. Bai kalli maigidan ba. Ita ya kalla.

"'Yata, ban ci miki ko zare ba. Amma na yafe miki tun yanzu, don na ga ba ke kike magana ba, wahala ce."

Ta kau da kai. A hanya maigidan ya saya mata ruwan sanyi, ya ce, "Kin ga yadda suke iya baki? Kar ki bari ya karya miki zuciya."

Kwana goma sha biyu bayan haka ɗaya daga cikin 'yan biyun ta tashi da tari, ta kai ta asibiti. Suna zaune a layi sai idonta ya faɗa kan jakar matar da ke gabanta. Ja ce mai duhu, da aljihu biyu a gaba. Ta san fatar nan. Ta san inda allura ta karye mata a kusurwar hagu ta sake bin ɗinkin sau biyu. Ita ce jaka ta biyar.

Ta saki fuska. "Baiwar Allah, jakar nan taki ta yi kyau. A intanet kika saya?"

"Wace intanet? Ni ban iya wannan ba. A kasuwa na samu, layin masu waya, shagon Dogo. Da yake ba sana'arsa ba ce, araha yake bayarwa. Ki yi sauri, saura kaɗan."

Matar ta faɗi kuɗin. Ko kuɗin fatar bai kai ba.

Maman 'Yan Biyu ta san Dogo. Wa bai san Dogo ba a gidanta? Abokin maigidan ne tun suna samari, shagonsu na kallon juna. Ya sha cin abincinta, ya sha ɗaukar 'yan biyu a kafaɗa. Yana da tabarau. Baba ya faɗa a gaban kowa, amma tunaninta bai ko bi ta kansa ba, domin mai neman ɓarawo ba ya fara dubawa a kan tabarmar baƙinsa.

Da aka ba yarinyar magani ta goya ta, ta wuce kasuwa kai tsaye. Ta bi ta bayan layi don kada maigidan ya hango ta. A cikin shagon Dogo, sama da wayoyin caji da murafen waya, jakunkunanta uku suna rataye. An yanke ɗan ƙyallen da take liƙa alamar shagonta, an bar zare yana reto.

Dogo ya ɗago, ya gan ta, murmushinsa ya tsaya a rabin hanya.

"A'a, uwargida! Yau ke ce a kasuwa? Me ya sami 'yata?"

Ta nuna jakunkunan da yatsa.

"Oh, waɗannan? Wani ne ya kawo ajiya."

"Wane ne?"

"Wani ne dai."

"To ka zo mu je wurin shugaban masu babur ka faɗa masa sunan wanin. Ko in kira 'yan sanda su tambaye ka."

Dogo ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya leƙa waje, ya rage murya. "Ki yi wa Allah kada ki tara mini jama'a. Ni karɓa kawai nake yi in sayar, a ba ni na shan ruwa. Layukan waya da katunan duk ba nawa ba ne. Ki je gida ki tambayi mai gidan. Tsakanin miji da mata ni ban da bakin magana."

Ta dafa katakon shagon. Daga inda take tana hango shagon mijinta a tsallake, yana sunkuye a kan wata waya da ɗan ƙaramin sukudireba, hankalinsa kwance.

Bai jira yamma ba. Dogo ya riga ya sanar da shi, don haka tana shiga gida ba da jimawa ba ya shigo, ya turo ƙofa, ya tsaya. Ta zaci zai musa. Ta ma shirya masa shaidu. Sai ya ja kujera ya zauna ya harɗe ƙafa.

"To, kin sani. Sai me?"

"Sai me? Baban 'Yan Biyu, kai ne? Kai ne kake salati kana tambayata ko an sake?"

"Ki rage murya, yara na ji. Kuɗin nan ina suka tafi? Ba cikin gidan nan suka dawo ba? Cefanen da kike ci wata biyu daga ina kike tsammani yake fitowa? Kasuwa ta mutu, ke kin sani. Daga aljihun dama zuwa na hagu, shi ne sata?"

"Da ka tambaye ni ai da na ba ka. Yaushe ka taɓa tambaya na hana?"

Nan fuskarsa ta canza. "In tambaye ki? Ni in miƙa hannu ki zaro ki ba ni, kina kallona? Tun da kika fara sana'ar nan waya ba ta barin hannunki. Ina magana kina amsa wa kwastoma. A kasuwa har ana ce mini mijin mai jaka. Ni! Na ce bari ki ɗan ɗanɗana, ki san cewa duniyar nan ba a tsayuwa sai da namiji."

"Kai ka rubuta 'yar damfara?"

Ya kalli bango. "Don abin ya yi kama da gaske ne."

"Baba fa? Dattijon da za a sayar wa babur jibi?"

"Masu babur sun saba. Ƙungiya za ta haɗa masa wani. Ke dai ki karɓi takardar ki tura wa kamfani, su buɗe miki shagonki, magana ta mutu. Na daina, shi ke nan. Ko so kike in durƙusa?"

Washegari da safe surukarta ta iso, tun kafin a ɗora ruwan zafi. Hajiya ba ta zuwa sai da dalili. Ta zauna a bakin gado ta kama hannun Maman 'Yan Biyu tana murzawa.

"Ya gaya mini komai, na kuma yi masa faɗa, har na ce ban yafe ba in ya sake. Amma 'yata, ki dubi girman Allah ki dubi yaran nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kika tona shi, wa kika tona? Gobe a makaranta a ce wa 'ya'yanki ga 'ya'yan ɓarawo?"

"Hajiya, shi ma Baba yana da 'ya'ya."

"Allah zai ba shi wani. Shi bare ne, yau ya gan ki gobe ya manta. Miji kuwa rufin asirinki ne. Mace ta gari ciki gare ta, ba baki ba. Mu da kike gani, abin da muka haɗiye da za a zazzage shi da ya cika ɗakin nan. Kuma tsakani da Allah, ke ma da laifinki. Namiji in ya ga mace ta fi ƙarfinsa, shaiɗan yake samun ƙofa."

Maman 'Yan Biyu ta zare hannunta a hankali ta ce za ta duba ruwa.

Da gidan ya yi shiru ta kira layin kamfanin. Ta daɗe tana sauraron kiɗa kafin wata mace ta ɗauka, da murya mai laushi irin ta wadda ta maimaita magana ɗaya sau ɗari tun safe.

"In na kawo takardar ƙungiya cewa a hannun mai babur kaya suka ɓace, me zai faru?"

"Za a buɗe miki shago, hajiya, da gargaɗi. Kuɗin dai ba za su dawo ba."

"In kuma na gano wanda ya yi odar, na kawo shaidar cewa ya karɓa?"

"To wannan kariyar mai sayarwa za ta iya shiga, mu ƙalubalanci bankinsa."

Ta ce, "In mutumin ɗan gida ne fa?"

"Ɗan gida kamar yaya?"

"Gida ɗaya muke kwana."

Ta ji ƙarar maɓallan kwamfuta. "Ki yi haƙuri, hajiya. A ƙa'idarmu, in mai saye da mai sayarwa gida ɗaya suke, ana ɗaukarsa haɗin baki ne. Ana rufe shagon har abada, kuma ba za ki sake buɗe wani da sunanki ba. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi?"

"Babu," in ji ta. "Na gode."

Ta zauna a gaban keken har rana ta take. Lissafin a fili yake, ko yaro zai iya. In ta yi shiru, shago zai dawo, aure zai zauna, Hajiya za ta sa mata albarka. Abin da za a biya kawai shi ne babur ɗin wani tsoho da sunansa. Kowa ya riga ya amince da wannan farashin: mijinta, surukarta, kamfani, har ƙungiya. Sa hannunta kaɗai ake jira.

Ranar da wa'adi ya cika maigidan ya ce zai raka ta. Ta ce to. Suka tarar rumfar ta cika da masu babur, wasu a zaune kan baburansu. Na Baba yana jingine a gefe, an wanke shi tas, wani mai saye yana zagaya shi yana latsa taya. Baba na zaune a ƙarshen benci, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Shugaban ya turo mata takarda da biro. "Bai kawo kowa ba. Sa hannu nan, hajiya, a ba ki haƙƙinki."

Ta ɗauki biron. Ta ji numfashin maigidan a bayan kunnenta. Ta ajiye biron.

"Shugaba, Baba ya kai kayana, duka tara. Dogon da ya faɗa gaskiya ne, shagonsa na layin masu waya, jakunkunana uku na rataye a ciki. Wanda ya yi odar da layuka daban-daban, ya karɓi kaya, ya koma banki ya ce bai gani ba," ta juya ta nuna shi, "ga shi nan. Mijina ne."

Wani ya ce, "La'ilaha illallahu." Mai sayen babur ya janye hannunsa daga kan taya.

"Ba ta da lafiya," in ji maigidan, yana dariyar da ba ta kai ido ba. "Asara ce ta taɓa mata kai. Tashi mu tafi."

"A kira Dogo," in ji shugaban, ya miƙe tsaye. "Kai kuma malam, zauna. Ranar nan bakinka ya fi na kowa zaƙi. Zauna mu ƙarasa jin sauran."

Maigidan ya sunkuyo kusa da ita, ya ce ƙasa-ƙasa, "In kika koma gidan nan, ban haifu ba."

Ta ratsa tsakanin mazan ta je gaban Baba, ta durƙusa har ƙasa a cikin ƙurar titi da baƙin mai.

"Baba, na ci zalinka. Na zarge ka, na tsaya a nan aka tuɓe maka riga. Ka yafe mini."

Dattijon ya dube ta. Sannan ya ce, "Tashi, 'yata. Kin san abin da kika jawo wa kanki kuwa?"

"Na sani."

"Ina za ki yanzu?"

"Gidan yayata. Sai na ɗauko yara daga makaranta tukuna."

Ya miƙe, ya karɓi makullinsa daga hannun shugaban, ya tayar da babur. "Hau in kai ki."

Kamfanin ya rufe shagonta bayan kwana huɗu, da saƙo mai layi biyu. A unguwa kuwa aka yi ta maganar har wata ya ƙare, a bakin famfo, a shagon mai kayan miya, a layin asibiti. Abin mamaki, ba a cika jin wanda ya ce mutumin ya yi wa matarsa sata ba, ko ya ce ya so ya tsiyata dattijon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan an wuce shi da "sharrin shaiɗan ne." Abin da ya tsaya wa mutane a wuya, maza da mata, shi ne ita. A gaban masu babur fa! Mace ta tsaya a bakin titi ta kira mijinta ɓarawo! Wai ba ta da rufin asiri.

Yayarta ce ta kawo mata wannan labarin wata safiya, tana huci, ta same ta a lungun falo inda suka ajiye keken, tana yanka fata don odar wata malamar makaranta da ta biya hannu da hannu.

"Kin ji abin da suke cewa? Wai kin tona asirin gidanki."

Maman 'Yan Biyu ba ta ajiye almakashin ba.

"Yaya, asirin da sai an sayar da babur ɗin marar laifi kafin ya rufu, gara ya kwana a buɗe. Miƙo mini zaren can."